Tudun da Inna Take Hawa Ranar Juma'a

Wata biyu ke nan da fitata takaba, amma har yau in na ji wani yana tari a adaidaita sahu sai na juya na ƙare masa kallo, in ya yi sake ma in tambaye shi tun yaushe. Yayata ta ce wata rana zan jawo wa kaina zagi. To a zage ni ɗin. Ba jayayya nake da hukuncin Allah ba. Ina rubuta wannan ne saboda mutanen da suka ɗauki tari gadon gida, kamar yadda mijina ya ɗauka, ni kuma na taya shi.

Sunansa Sa'idu, ni Baban Hanifa nake ce masa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wani ofishin kago a Al Sabkha, cikin Dubai, yana auna kayan 'yan kasuwarmu, yana ɗaurewa, yana rubuta sunan mai kaya a jiki. Shekara huɗun ƙarshe ina tare da shi a Hor Al Anz, a ɗaki guda cikin wani gida da aka yayyanka da katako, mu da wasu iyalai biyu. 'Yarmu Hanifa tana Kano wurin mahaifiyata saboda makaranta.

Shi ba Bakano ba ne. Bafillatanin dutsen Mambila ne, daga wata ruga da ake kira Ngel Bari, gidaje bakwai kacal, kuma tsakanin gida da gida sai ka ɗaga murya iya ƙarfinka kafin a ji ka. Sau ɗaya na taɓa zuwa, ina amarya. Mota ta yi ta nannaɗe dutse da mu har na yi amai sau biyu, daga Gembu muka hau babur, inda babur ya gaza muka taka da ƙafa. Na ce masa da na san haka hanyar garinku take, wallahi da sai an ninka sadakina. Amma wurin akwai kyau, ba zan ɓoye ba. Ciyawa shar har iya ganinka, jajayen shanu masu dogon ƙaho, gajimare yana wucewa ta ƙofar ɗaki. Sai dai sanyi. Ni da nake taƙama da sanyin Kano, kwana uku ban yarda ruwa ya taɓa bayana ba.

Saboda sanyin nan wuta ba ta mutuwa a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, rani da damina. Ɗakin ba taga, ƙofar ma sai ka sunkuya, rufin ciki ya yi baƙi ƙirin har yana sheƙi. A nan ake girki, a nan ake hira, a nan aka haife shi ya yi wayo. Idona ya yi ta zubar da ruwa, su ko a jikinsu. Kuma kowa tari yake, tsoho da yaro. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce, “Bakanuwa, a nan in ba ka tari, to baƙo ne kai.”

Babu sabis na waya a Ngel Bari. Sai an hau wani tudu, tafiyar awa guda ga mai ƙarfi, ta wata siririyar hanya mai kwari a gefenta. Kowace Juma'a bayan azahar Inna takan ɗaure 'yar wayarta a bakin zane ta hau, ita kaɗai, don mazan duk sun tafi masallaci a garin kasuwa. Ta yi masa filashin, shi ya kira. Wajen ƙarfe shida na yamma ke nan a Dubai. Ko kwantena ake lodi, sai ya ajiye ya fita.

Suna da doka ɗaya game da tudun nan: ba a faɗa wa mutum mugun labari yana kansa. Ya ce min an taɓa faɗa wa wata mata rasuwar ɗanta a can, ta juyo tana kuka ba ta ganin gabanta, sai washegari aka tsinto ta a kwari da karyayyen ƙugu. Tun daga nan, in abu ya faru, wani ake kira a Gembu ya tako da ƙafarsa, ya sami mutum a ɗakinsa a zaune, sannan ya faɗa. Lokacin da ya ba ni labarin na ce kai, mutanenku akwai hankali. Ban san ni dokar za ta ci ba.

Tun da na san shi yana ɗan tarinsa, busasshe, da safe. Na saba da shi har in ban ji ba sai na leƙa ko ya fita. A farkon zafin bara ne abin ya canja. Gidanmu hawa biyu ne ba lif, sai na ga yana tsayawa a tsakiyar bene yana duba waya, alhali ba kiran kowa. Na ce mu je asibiti. Ya ce ai bara waccan aka ɗauki hoton ƙirjinsa wajen sabunta biza, aka buga masa hatimi. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Kowa a Deira, yankin da ofishinsu yake, ya san in aka ce tarin fuka ne, zamanka a ƙasar ya shiga rawa, shi kuma bakuna da yawa suna ci daga hannunsa. Na biye masa. Wannan ne laifina, kuma na ɗauke shi.

Sati biyu muna shan shawara. Alhaji Mudi, mai ofishin da yake wa aiki, ya ce esi ne, a rage sanyin ɗaki. Mahaifiyata ta aiko da zuma da citta da man habbatus sauda ta hannun wata 'yar kasuwa. Matar ɗakin da ke kusa da namu ta ja ni gefe ta ce in bincika, ƙila hassada ce ta wurin aiki. A sati na uku muka je wani ƙaramin asibiti a Muraqqabat. Likitan bai ɗago ya kalle shi sau biyu ba, ya rubuta maganin tari da ƙwayoyi na kwana biyar, ya ce, “Khalas, za ka warke.” Har yau ina jin haushin mutumin nan.

A sati na biyar ya yanke jiki ya faɗi a bakin sikeli. Abokan aikinsa suka kai shi babban asibiti, suka kira ni. Na samu an saka masa robar iska a hanci, leɓɓansa sun yi duhu. Kwana huɗu ana gwaje-gwaje, a tura mu nan a tura mu can, ka ɗauki lamba ka zauna kana kallon allo, in lambarka ta fito a ce takardar inshora ba ta iso ba. Da aka ce ba tarin fuka ba ne har hamdala muka yi, yana min murmushin “ba na faɗa miki ba”.

Likitar da ta zauna da mu 'yar Pakistan ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta tambaye shi shekara nawa ya yi yana shan taba. Ya ce bai taɓa sa ta a baki ba. Ta daɗe tana kallon hoton ƙirjinsa da aka ɗauka, sannan ta ce, “A ina ka girma? Akwai sanyi? Kuna kwana da wuta a ɗaki?” Ya ce ƙwarai, ya aka yi ta sani? Ta ce ita ma 'yar dutse ce, kakarta da gwaggonta biyu haka suka tafi. Ta ce sunan abin fibrosis. Kalmar nan ta zauna min a kai, ko salla nake sai ta faɗo min. Ta ce huhun ne ya yi tabo ya ƙandare, hayaƙin yarinta ya fara, ƙurar sito ta ƙarasa, kuma inda ya ƙandare ba ya komawa. Da an zo da wuri, da an rage masa gudu.

Shi abin da ya tambaya ɗaya ne. Ya ce, “In na koma gida fa? Iskar garinmu babu irinta.”

Ta girgiza kai. Ta ce iskar kan dutse ta fi ta ƙasa sirantaka, mai lafiya ba ya ji, amma shi ba za ta riƙe shi ba. Ko jirgi ma ba ta yarda ya hau yanzu ba. A duk jinyar nan, ranar ce kawai na ga ya juya fuskarsa bango.

Aka sallamo mu da injin iska na haya, mai gurnani dare da rana, da ƙaramar silinda ta fita. Inshorar aikinsa ta ɗauki kaɗan ta tsaya. 'Yan kasuwar Sabkha suka yi karo-karo, har da waɗanda ban taɓa gani ba, Alhaji Mudi kuma bai tsayar da albashinsa ba ko na wata guda. Allah Ya saka musu, ba ni da bakin gode musu. Na sayar da 'yan kunnena da awarwaro, ban ji komai ba. Abin da ya fi ci min rai Juma'a ce.

Tun ƙarfe biyar zai fara shiri. Ya sha ruwan ɗumi, ya jingina da filo uku, ya hana ni yi masa magana don ya tara numfashi. Filashin na shigowa sai ya ce in kashe injin, ya zare robar daga hancinsa, wai kada Inna ta ji ƙara. Sai ya ɗaga murya yana Fillanci yana dariya, ni ina tsaye da robar a hannu ina kallon farcensa yana canja launi. Ba na jin Fillanci in ban da gaisuwa. In na tambaye shi me suka ce, sai ya ce saniya kaza ta haihu, masara ta yi kyau, an yi ƙanƙara. Da hirar minti ashirin ce. Ta koma goma, ta koma biyar. In ya ajiye wayar sai ya yi rabin awa yana kokawa da iska.

Na ce masa, “Baban Hanifa, ka faɗa mata. Uwa ce, addu'arta ba irin tamu ba ce.”

Ya ce, “Tana kan tudu.”

Na ce to a tura Baffa Yero. Ƙanen mahaifinsa ne, yana da shagon sirdi da igiya a Gembu, kuma shi ya san halin da ake ciki, kullum ma cewa yake a kawo shi gida a ba shi man shanu da zuma. Na ce ya je ya same ta a ɗaki, ai dokar ba ta hana wannan ba.

Ya ce, “In ta sani, kullum za ta hau. Damina ce, Rabi. Hanyar nan santsi take kamar an shafa mata karkashi, ga gwiwarta. Sau ɗaya a sati ma ba na barci sai na san ta sauka. Ki yi min alkawari.”

Na yi masa, ina kuka ina jin haushinsa. A gidanmu ko ƙaya ce ta soke ka sai dangi sun cika tsakar gida, wannan ya kawo kunu, wannan ya kawo surutu. Ban taɓa ganin inda mutum zai kama hanyar lahira uwarsa tana ba shi labarin maraƙi ba. Kuma abin da yake tsaye a raina shi ne yafiya. Mutum ya tafi bai ce wa mahaifiyarsa ta yafe masa ba? Shi kuma ya san yana furta kalmar nan ta gane.

A wata na huɗu zazzaɓi ya shiga. Muka koma asibiti, wannan karon ɗakin da ba a barin mai jinya ya daɗe. Robar hanci ta gaza, aka sa masa abin rufe fuska gaba ɗaya. Ranar Juma'a na roƙi nas ɗin da ke kula da shi, wata 'yar Filifin mai kirki, ta bar ni in shiga da waya ƙarfe shida. Da ya nuna a cire masa abin fuskar ta ce a'a. Ya haɗa hannuwansa biyu yana kallonta. Ta kalli ƙofa, ta ce, “Minti biyu. Shwaiya shwaiya, a hankali.”

Na kara masa wayar a kunne. Kalma uku, ya tsaya. Kalma biyu, ya tsaya. Ina jiyo muryar Inna sama-sama da kukan iska a bayanta. Lambar da ke jikin allo tana ta sauka, na'ura ta fara ƙara, nas ta danne ta da hannu. Wallahi na buɗe baki zan yi ihu cikin wayar in ce Inna ɗanki mutuwa zai yi. Ya riƙe min wuyan hannu. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Daga ƙarshe Inna ta faɗi wata 'yar gajeruwar magana da na saba jin tana rufe hira da ita, ya ce amin, amin, aka mayar masa da iska.

Da ya ɗan dawo na faɗa masa maganar da har gobe nake nadamarta. Na ce, “Shi ke nan, za ka tafi ba ka nemi gafarar mahaifiyarka ba saboda wani tudu.”

Bai yi fushi ba. Ya ɗaga abin fuskar kaɗan ya ce, “Bakanuwa. Ku komai sai an faɗa da baki.”

Ranar Laraba da hantsi rai ya yi halinsa, ina riƙe da ƙafarsa, Alhaji Mudi yana yi masa kalmar shahada. Aka yi ta zirga-zirgar takardu, ranar Alhamis bayan la'asar aka binne shi a can, cikin rairayi da zafin da ko takalmi bai hana ka ji ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana min kwatancen inda yake so a sa shi, kusa da mahaifinsa, ƙarƙashin itatuwan zaiti. Ni ban je ba, ina ɗaki. Alhaji Mudi ne ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce an yi jama'a.

Tun ranar Laraba aka kira Baffa Yero. Ya ce da asubar Alhamis zai hau babur, amma kwana uku ana ruwa, bai san halin da rafin da ke hanya yake ciki ba. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ba mu san ya isa ko bai isa ba.

Ranar Juma'a ina zaune a kan darduma, mata biyu na maƙwabta suna tare da ni. Wayarsa tana kan injin iskar da ba a riga an zo an ɗauka ba. Shida saura kaɗan ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya.

Baffa bai isa ba ke nan. Tsohuwar nan ta taka tafiyar awa guda cikin laka, tana tsaye ita kaɗai tana jiran ɗanta. In ban kira ba za ta tsaya har duhu, na san halinta. In na kira, me zan ce? Ɗaya daga cikin matan ta ce in ce ya fita ya manta wayar. Na maimaita a raina sau uku, na danna.

“Salamu alaikum, Inna.”

Na jiyo kukan iskar tudun. Sannan ta ce da Hausarta mai nauyi, “Rabi ce?”

“Ni ce, Inna. Ina wuni? Ya sanyi?”

“Sanyi alhamdu lillahi.”

Na ɗauko ƙaryar da na shirya. Na ce, “Inna, dama shi...”

“Kar ki faɗa, ɗiyata. Ina kan tudu.”

Na toshe bakina da mayafi.

Ta ce, “Tun farkon damina na ji. Haka numfashin babansa ya koma. Ni na yi jinyarsa shekara biyu, zan kasa ganewa? Na ga yana wahala don kar in sani, na ce to bari in bar masa.”

Na kasa riƙewa. Na ce, “Inna, ni na so ya roƙe ki gafara. Na yi ta yi masa faɗa.”

“Wace gafara kuma? Kowace Juma'a kafin in kashe waya ina ce masa na yafe maka duniya da lahira, yana cewa amin. Ba kya kusa ne?”

“Ina kusa, Inna. Ba na jin Fillanci.”

“To yanzu kin ji.” Ta yi tari, ta jira ya lafa. “Hadari ya haɗo, zan sauka tun ina ganin hanya. Ki ci abinci. Yero zai zo ya faɗa min a ɗakina.”

Sai ranar Asabar da yamma ruwa ya janye Baffa ya haye. Shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya tarar ta share ɗaki ta shimfiɗa tabarma, ta ba shi nono ya sha, ta tambaye shi mutanen Gembu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya faɗa da bakinsa sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Bizata a kan tasa take, don haka na tattara na dawo Kano, a nan na ƙarasa takaba. Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen dutse da duk masu kwana da wuta a rufaffen ɗaki: tarin da ya wuce wata guda ba gado ba ne, ciwo ne. Wanda ya fara tsayawa a tsakiyar bene yana duba wayar ƙarya, a ja shi asibiti ko yana zagi. In likita bai tambaya ba, ku faɗa masa da hayaƙi kuka girma.

Wayarsa tana hannuna. Kowace Juma'a filashin yana shigowa, yanzu ƙarfe uku, ni nake kira, in ba Hanifa su gaisa. Na aika an fasa wa Inna taga a ɗaki, Baffa ya ce ta cusa tsumma ta toshe, wai sanyi. Juma'ar da ta wuce tana ba ni labarin wata saniya da ta ɓata, sai na ji ta yi kalma uku ta tsaya, ta yi biyu ta tsaya. Na ce Inna lafiya? Ta ce tarin gida ne. Na buɗe baki, sai na tuna inda take tsaye. Na ce to Allah Ya sawwaƙe, ki sauka a hankali.

Jibi zan hau motar Jalingo, na riga na sayi rigar sanyi da takalmin roba. Abin da zan faɗa mata, a ɗakinta zan faɗa, tana zaune.